Jakadan da Ya Daɗe Yana Ban Kwana

Haihuwa

An haifi marigayi Jakada a shekarar 1941, a garinmu, a gidan da ke bayan kasuwar katako. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa mai ɗinki. Shi ne na biyu a ɗakinsu. Na fari shi ne wansa, mai wannan rubutu. An rubuta tarihin ne domin har yau akwai masu cewa son zaman ƙasar waje ne ya sa aka raba shi da aiki. Ba haka aka yi ba.

Karatu

A shekarar 1948 aka sa shi makaranta, bayan mahaifinsu ya gwada shi a shago ya ga ba ya iya buga ƙusa ba tare da ta lanƙwashe ba. Ya ce, "Wannan ku kai shi inda ake cin abinci da baki." Wansa ya tsaya a shago, shi ya wuce. Ya gama sakandare a 1960, yana jin harsuna uku ban da namu.

Aiki da Aure

A 1962 ya shiga Ma'aikatar Harkokin Waje a matsayin akawu. A 1966 aka fara tura shi waje, ƙaramin sakatare, a wani ofishi mai ɗaki biyu a saman shagon magani, inda aikinsa shi ne sabunta fasfo da zuwa asibiti da gidan yari duba 'yan ƙasarmu. Ya yi aure a 1968. Matarsa malamar makaranta ce, ta ajiye aikinta ta bi shi. Sun zauna a ƙasashe huɗu. A 1979 aka naɗa shi cikakken jakada, a 1984 aka mayar da shi ƙasar da ta zama ta ƙarshe a aikinsa.

Shekarar Rikici

A 1986 gwamnatinmu da ta ƙasar suka ɓata. Mutanen gari suka far wa 'yan ƙasarmu, leburori da masu gadi da ƙananan 'yan kasuwa, aka ƙona musu ɗakuna. Waɗanda suka tsira suka gudo ofishin jakadanci da mata da yara, Jakada ya sa aka buɗe musu ƙofa. Suka cika farfajiya da garejin mota da ɗakin karɓar baƙi, har ƙarƙashin teburin taro ana kwantar da jarirai.

Doka ita ce, muddin jakada yana nan kuma tuta tana sama, soja ba ya taka ofishin. Hukumar ƙasar ta ce ranar da ya tashi, ranar za ta shiga. Gwamnatinmu kuwa, cikin fushi, ta umarce shi ya rufe ofis ya dawo. Ba ta aiko wa mutanen mota ko jirgi ba.

A aikin jakadanci, jakadan da zai bar ƙasa yakan bi takwarorinsa ɗaya bayan ɗaya ya yi musu ban kwana. Yawanci a mako guda ake gamawa. Marigayi bai ce ya ƙi umarni ba. Ya ce zai taho da zarar ya gama sallama. Kullum da safe sai ya sa kwat ɗinsa, ya ratsa ta tsakanin tabarmi da tukwane, ya je wurin jakada guda ɗaya tak. A can ya sha shayi, ya yi godiya, sannan ya roƙi abin da ya kai shi: wani ya ba da bas, wani takardar ratsa ƙasarsa, wani gurbi a jirgin ruwa. Haka aka riƙa kwashe mutanen kaɗan-kaɗan.

Ministanmu na harkokin waje ya kira shi a waya ya ce, "Wai jakadu nawa ne a garin nan?"

Ya ce, "Suna da yawa, ranka ya daɗe, kuma wasunsu ba su da lafiya."

Shugaban jakadun garin, wani tsoho mai sanda, ya gane abin da ake ciki. Duk ranar da aka sa za a je masa, sai ya aiko cewa ƙafarsa ta tashi, a bari sai wani mako. Matar marigayi, wadda ita ke dafa wa mutanen farfajiyar abinci, ta ce masa, "Malam, ka sallami kowa, saura kyanwar ofis." Ya ce, "Ita ma sai an nemi izininta a rubuce."

Minista ya sake kira, ya ce ko ya hau jirgi a makon nan ko ya san aikinsa ya ƙare. Lokacin akwai sauran tsofaffi da wata mai ciki a gareji. Ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Bai hau ba. Sai da motar ƙarshe ta tsallake iyaka, sannan ƙafar tsohon nan ta warke. Jakada ya je ya yi masa ban kwana, ya dawo ya sauke tuta da hannunsa. Babu wanda aka taɓa a cikin waɗanda suka shiga ƙofar nan.

Komawa Gida

A farkon 1987 aka yi masa ritayar dole, bisa laifin jinkirta umarni. Babu liyafa, babu lambar yabo. Ya dawo gidan mahaifinsa da akwatunan littattafai. Wansa ya tambaye shi me ya samo a shekara ashirin a waje. Ya ce, "Ciwon ciki, Yaya. Shayin mutane ya yi mini yawa."

Abokai sun matsa masa ya kai ƙara, ya ce laifin da aka faɗa gaskiya ne, ya jinkirta. Ya koyar da harsuna a sakandaren garin har ƙarfinsa ya ƙare. Da yamma yakan zauna a shagon wansa yana miƙa ƙusa. Ba a taɓa ba shi guduma ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 2014, da hantsi, a ɗakinsa, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da uku. An binne shi a ranar, kusa da mahaifinsa. Ma'aikatar ba ta aiko kowa ba.

Ya bar matarsa, da wansa, da 'ya'ya biyar: babbansu likita ne, mai bi masa injiniyan ruwa, sai malamar makaranta, sai mai sayar da katako, sai auta, wadda yanzu take aiki a ma'aikatar da ta sallami ubanta. Ta ce har yau, idan ma'aikaci ya daɗe a bakin ƙofa yana sallama, sai a ce yana ban kwanan Jakada, a yi dariya. Yawancinsu ba su san ko wane jakada ba ne. Ita kan ce musu, "Babana ne," ta ci gaba da aikinta.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.