Sunan da Aka Goge

A layin masu gyaran waya wani mutum yana tsaye gaban tebur, furfura ta fara cin gemunsa, tabaransa ɗaure da zare a gefe guda. Idanunsa jajaye ne, irin na wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban kwamfuta. Fushi ne fal a fuskarsa.

Mai teburin yana sayar da wata manhaja da ke sa wasannin tsohuwar na'urar wasa su tashi a kan sabuwa. Mai furfurar ya ce shi ya haɗa ta. Shekara tara yana fama: in sauti ya gyaru hoto ya karkace, in hoto ya miƙe wasan ya tsaya cak. Da ta yi kyau ya sake ta kyauta. Yanzu ga ta nan, marasa tsoron Allah sun goge sunansa.

"Baba, kowa ma haka yake cewa," in ji mai tebur yana dariya. "Je ka huta."

Ya fizgi abin dannawar na'urar da ke kan teburin, ya danna hagu sau uku, sama sau biyu. Allon ya yi baƙi, sai ga rubutu: "Don uwar 'ya'yana, da ta yi haƙuri da ni."

Wataƙila tana gida. Amma yadda ya tsura wa rubutun ido, sai ka ce ƙasa ta riga ta rufe ta.

"Wannan fa?" ya ce. "Goge shi ma, in ka isa."