Ƙaryar Baba Nababa

Ka taɓa ganin 'yar bishiyar da ke fure a tsakiyar bazara, lokacin da ko tumfafiya ta sunkuyar da kai? Ba ganye ko ɗaya, sai kututture kamar tulu da fure ja-ja a bisa. Sunanta ƙarya, wai don tana fure amma ba ta cika yin 'ya'ya ba. A wani ƙauye yamma da Shanono, Baba Nababa ya taɓa mallakar guda ɗari da goma sha huɗu.

Ba don ado aka dasa su ba. Mahaifinsa ne ya jera su a bakin gonarsu, taku uku-uku tsakani, don a zamaninsu da ita ake shaida iyaka: akuya ba ta ci, fari ba ya kashewa. Nababa ya shekara hamsin yana cike gurbin duk wadda ta mutu. Kowace bazara sai ya bi layin da sandarsa yana ƙirga masu fure. Mata masu zuwa itace su tsaya suna kallo, shi kuwa bai taɓa cewa sun yi kyau ba, sai dai ya ce, "Bana casa'in da shida suka yi."

Shekara uku da suka wuce maƙwabcinsa ya rasu, magada suka sayar wa Hashimu, wani ɗan kasuwa daga Bici, gonar. Hashimu ya zo da mai awo da turakun siminti. Awon ya ci kunya bakwai cikin gonar Nababa, layin furen kaf ya faɗa ɓangaren Hashimu. Aka tafi gaban mai unguwa, matashi ne, kuma a birni ya tashi.

Mai unguwa ya ce, "Baba, ga takardarsa. Kai mece ce shaidarka?"

"Ranka ya daɗe, ƙarya ce shaidata."

Zauren ya kwashe da dariya. Hashimu har da tafi. "To ai shi ke nan, Baba ya hutar da mu, ya faɗa da bakinsa!"

"Bishiyar nake nufi, ɗan nan. Ƙaryar da ubana ya dasa."

"Au, ashe ma ta gado ce!"

Dattawan da suka ga dashen, su uku ne. Biyu sun riga mu gidan gaskiya, ɗayan kunnensa ya tafi. Kafin ruwa ya sauka, tarakta ta bi layin cikin rabin yini.

Nababa ya bi bayanta da amalanke, ya tsinto ashirin da ɗaya masu sauran rai, ya dasa a bayan gidansa. Sai ciwon ƙafa ya kwantar da shi wata guda. Matarsa Kaltume ta ga bai kamata su zauna da ƙishi ba, safe da yamma tana zuba musu bokiti biyu-biyu daga rijiya mai gaba goma sha biyu. Ba ta san ruwan ne ajalinsu ba. Da ya miƙe ya latsa kututturen farko, yatsansa ya shige kamar cikin ruɓaɓɓiyar kabewa. Bai yi mata faɗa ba. Huɗu suka tsira.

Yanzu shekararsa saba'in da uku. Wani lokaci ranar kasuwar Shanono yakan yanko reshe biyu ya shimfiɗa a kan buhu, kyauta. Masu yara su ce ruwanta dafi ne, ba sa so. Samari su tsokane shi, "Baba, yau ƙarya nawa-nawa?" Bara mutum biyu suka karɓa, ɗaya ya dawo ya ce tasa ta ruɓe. 'Ya'yansa maza suna birni, ba wanda ya taɓa tambayar lafiyar huɗun nan. Bana ɗaya ce kawai ta yi fure, ƙwaya tara.

Idan ka samu reshe, don Allah ka gwada. Ka ajiye shi a inuwa kwana uku bakin yankan ya bushe, ka soka cikin yashi zurfin yatsa, nesa da yara, ka wanke hannu. Ruwa kofi ɗaya a mako, kada ka ƙara. Nababa ya ce cikin goma, uku ke kamawa. Duk da haka, ka soka ko ɗaya ne.