Ranar da Muryar Maigari Ta Ɓace a Kaset

Na halarci zaman sasanci da yawa a shekarun da na yi ina riƙe da alƙalamin kwamitinmu, kuma galibinsu sun gauraye a ƙwaƙwalwata. Guda ɗaya ne ya tsaya daban, kuma ba zan manta da shi ba muddin ina cikin hankalina: zaman da wata tsohuwar na'urar sauti ta kusa raba makiyaya da ruwan shan dabbobinsu.

A lokacin na riga na bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ko da yake ba a daina kirana Mushe ba, yadda ake kiran malaman boko a wurinmu, ina sakataren wani ƙaramin kwamiti a Dakoro mai shiga tsakanin manoma da makiyaya kafin magana ta kai gaban hukuma. Shugabanmu wani Alhaji ne ɗan kasuwar hatsi, mutum mai son zaman lafiya, amma wanda ya fi son a gama da wuri. Rigimar da aka kawo mana a kan burtali ce, a wani ƙauye da ke kan hanyar Azagor, inda shanu ke ratsa gonaki zuwa tafki. Da ruwan farko ya sauka, sai mutanen ƙauyen suka shuka gero a cikin burtalin. Ardon makiyayan ya ce akwai alkawari tun zamanin iyayensu cewa ba za a noma wurin ba. Maigari ya ce shi bai san da shi ba. In burtalin ya toshe, babu wani ruwa kusa, dole Ardo ya kwashe rugarsa daga inda aka haife shi.

Alkawarin kuwa an yi shi. Mahaifin Ardo da mahaifin Maigari ne suka ƙulla shi, kuma dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Ni na rubuta shi da Faransanci suka dangwala yatsa. Sai dai mutanenmu ba su cika yarda da takardar da ba su iya karantawa ba. Suna ɗaukarta maganar wanda ya rubuta. Saboda haka al'adar kwamitinmu ita ce a ɗauki kowane babban zama a kaset, kowa ya faɗi alkawarinsa da bakinsa. Wani ma'aikacin rediyo ne ya ɗauki wancan zaman, ni kuma na adana kaset ɗin a akwatin ƙarfe.

Ranar sauraro, da hantsi, zaure ya cika. Manoma suka zauna gabas, makiyaya yamma, kamar kullum. Kayan sautin kwamiti tsofaffi ne: na'urar kaset, da ampili mai ƙara ƙarfin sauti, da lasifika biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya a lungu. Na saka kaset na kunna. Muryar tsohon Ardo ta fito tar, yana alkawarin cewa dabbobinsu ba za su shiga gona ba sai an kwashe amfani. Da ya gama, aka zo wurin da tsohon Maigari zai yi nasa, sai zaure ya yi tsit. Ba a jin komai sai wani gunaguni can ƙasa, kamar mai magana a cikin rijiya. Na ƙara murya har ƙarshe. Shuuu kawai ya ƙaru.

Wani dattijo a cikin manoma ya fashe da dariya. Ya ce, "To, Ardo, ga kaset ɗinka nan ya yi magana. Tsohonku ya yi alkawari, mun ji, Allah ya jiƙansa. Namu kuwa ga alama gyangyaɗi yake yi."

Ardo bai kalle shi ba, ni ya kalla. Ya ce, "Mushe, a hannunka aka bar shi. Bakin tsohon nan ina ya tafi?"

Na ji ɗacin tambayar, amma ban ga laifinsa ba. Wanda ya ɓata mini rai shugaba ne. Motar geronsa na jiran sa za ta tafi Maradi, yana ta duba agogo. Ya ce, "Malam Sakatare, rubuta abin da kowa ya ji. An ji alkawarin makiyaya, ba a ji na manoma ba. A rufe zama."

Har yau in na tuna wannan umurni raina yana ɓaci. Na ce masa, "Alhaji, da girmanka, ba zan rubuta ba. Abin da muka sani shi ne ba mu ji ba. Ba mu san cewa babu ba. A ba ni lokaci in duba kayan nan."

Ya ce, "Kai malami ne ko mai gyaran rediyo?"

Na ce, "Ni mai ajiya ne, kuma ajiyar ce ake tuhuma."

Ban san cikin ampili ba, kuma ban yi niyyar buɗe shi ba. Abin da na sani shi ne yadda ake neman kuskure a lissafin ɗalibi: a bi shi mataki mataki, kada a canja abu biyu lokaci guda. Na maida kaset baya zuwa maganar tsohon Ardo, na sauke lasifikar sama, na kara kunnena a kowace. Ta dama na magana, ta hagu shiru. Babu wanda ya taɓa lura, domin a ɗore suke, kuma abin da muka saba sawa wa'azi ne da sanarwa, waɗanda murya ɗaya ce ke fita ta ko'ina. Na duba maɓallin da ke raba sauti tsakanin hagu da dama, na same shi a tsakiya, inda ya dace. Na kashe ampili, na musanya wayoyin lasifikun a bayansa, na sake kunnawa. Wadda ta yi shiru ta yi magana, mai maganar ta yi shiru. Ke nan lasifikun lafiyarsu lau.

Dattijon nan ya ce, "Mushe, in tsafi za ka yi, bari mu ba ka wuri."

A daidai lokacin na tuna yadda aka ɗauki zaman farko. Ranar ma haka aka zauna, kowa da ɓangarensa, kuma zukata sun yi zafi har babu wanda zai yarda ya karɓi abin magana, wato makirufo, daga hannun abokin rigimarsa. Sai ma'aikacin rediyo ya ajiye biyu, ɗaya gaban tsohon Ardo, ɗaya gaban tsohon Maigari. In haka ne, muryar kowannensu ta shiga nata ɓangaren na kaset, ɗaya hagu ɗaya dama. Gunagunin da muka ji kuwa ɗan abin da makirufon tsohon Ardo ya tsinto ne daga nesa.

Wayoyi biyu ne ke fitowa daga na'urar kaset zuwa ampili, mai jan kai da mai farin kai. Na kira Ardo da Maigari su matso su ga abin da hannuna ke yi, don kada gobe a ce na sauya kaset. Na zare wayoyin, na sa ja a gurbin fari, fari a gurbin ja. Na danna.

Tsohon Maigari ya yi gyaran murya a cikin zauren, irin gyaran muryar da duk wanda ya san shi ya sani. Sannan ya ce, daga tsamiya har bakin tafki hanyar shanu ce, shi da zuriyarsa ba su sa mata hauya, kuma Allah ne shaida.

Maigari, wanda ya shigo da hularsa a karkace yana ta murmushi, ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Na yi imani bai san da alkawarin ba, domin yana ci-rani a Nijeriya lokacin da aka yi shi. Da ya ɗago, ya ce a hankali, "Baba ne. Mushe, maida shi baya in ƙara ji." Na mayar. Bai nemi ƙarin ji don yana shakka ba.

Sai dattijon nan ya farga cewa yanzu tsohon Ardo ne ya koma rijiya. Ya miƙe ya ce, "A'a! Nasu fa? An shafe nasu ke nan?" Har Ardo sai da ya yi dariya. Ya ce, "Zauna, Kaɗo, namu tsohon ai kun ji shi tun ɗazu, har kun yi masa addu'a." Duk da haka na maida wayoyin yadda suke, aka sake sauraron tsohon Ardo daga farko har ƙarshe, sannan na rubuta cewa an ji alkawarin ɓangarorin biyu.

Maigari da kansa ya faɗi hukuncin kafin shugaba ya buɗe baki: a buɗe burtali, geron da ya tsiro a ciki an bar wa shanu. Ardo ya ce za su ratsa a jere, da masu tsaro gefe da gefe, don kada ko karan gonar maƙwabta ya karye. Rugar tana nan inda take. Ranar kasuwa na kai ampilin wurin mai gyara, ya ce wani maɓalli ne ya yi tsatsa a ciki ya kashe ɓangaren hagu. Ya wanke shi kafin in gama shan shayi.

Abin da na koya ban same shi a lakwal ba, ko da ina ɗalibi ko ina malami. Rashin jin magana ba shaida ba ne cewa ba a faɗe ta ba. Duk wanda aka ɗora wa rubuta abin da ya faru, kafin ya rubuta cewa wani bai ce komai ba, wajibi ne ya fara tabbatar da cewa abin da yake saurare da shi yana kawo masa ɓangarorin biyu.