Tikitin da Babu Kano a Ƙarshensa

Ƙarshen damina ne, shekarar da gulbi ya cika har ya shanye rabin shinkafar fadama. Kowa a takure yake. Lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Sakkwato, duk wata takarda mai nauyi daga can take biyowa.

A cikin haka ɗana na fari, wanda ya gama digirin dakta yana koyarwa a jami'a, ya zo gida unguwar Nasarawa, nan Birnin Kebbi, da ambulan a hannu. Ya ce wata cibiya a Turai za ta ɗauki nauyinsa shekara biyu, ya yi bincike. Wai akwai wani haske mai tsananin ƙarfi, leza, da ake harba wa ƙwayar zarra a ga yadda za ta yi.

Na ce, "Ba ka ƙare karatun ba?"

"Na ƙare, Inna. Wanga bincike na."

"Su ciyar da kai, su ba ka ɗaki, don ka haska abin da ido bai gani? Mi za su samu?"

Ya yi dariya ya ce ilimi. Ban yi dariya ba. Ban taɓa ganin wanda ya yi kiwon rago shekara biyu ya sake shi ba.

Da ya fita masallaci na buɗe ambulan. Turanci ya fi ƙarfina, amma ajin yaƙi da jahilci ya koya mini haɗa baƙaƙe. A tikitin jirgi na karanta KANO, sai sunan wani gari. Na juya kowane shafi da yatsa. Babu Kano ta biyu.

Da ya dawo na nuna masa. Ya ce na dawowa sai an gama ake bayarwa, haka tsarinsu yake. Wataƙila gaskiya ne. Amma da la'asar matar ƙanen mahaifinsa ta zo daga Ambursa tana ta godiya, wai ya bar musu gonar fadamar da ya gada. Ni bai faɗa mini ba.

Ban tayar da maganar ba. Na zuba masa tuwo, ya ci, ya ƙara.

Washegari da safe na yafa mayafi na shiga motar Ambursa. Na sami ƙanen mijina a zaure, na roƙa a kira liman. Bayan gaisuwa na ce, "Malam, ka shaida. Gonag ga aro ta, damina biyu, har ɗana ya dawo." Na ciro takardar da na rubuta da hannuna, na miƙa wa ƙanen mijina ya sa yatsa.