Baƙar Rigar Na'urar Malam

Bayan sakandare na sami aikin goge kaya a ɗakin gwajin kimiyya a Dutse. Malamin wurin yana da wata na'ura mai faranti biyu, ɗaya bisa ɗaya, masu walƙiya idan ƙananan ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya, waɗanda ido ba ya gani, suka ratsa su. Tazarar lokacin da ke tsakanin walƙiyar farantan biyu yake aunawa, don ya ga kaifinsu wajen kama lokaci. Zafi ya ɗaye baƙin salatif ɗin da ya naɗe su, haske ya shiga, awon ya lalace. Ya ce zai rufe aikin, wato nawa ma ya tafi.

"Malam, salatif a zafin nan? Bar ni da su."

A keken ɗinkin yayata na ɗinka wa farantan baƙar riga ninki biyu. Awon ya daidaita, muka ci gaba. Lissafin nasa ne, ɗinkin nawa.