Na Ɗora Wa Ƙanwata Laifin Da Ba Ta Aikata Ba

Edita, ina gaishe ku, ina kuma roƙon ku ɓoye sunana. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni malamar firamare ce a Sabon Garin Zariya, ina zaune da mijina da 'ya'yana uku a gidan haya ta hanyar Basawa. Ina cikin shugabannin zumuntar mata a majami'armu, an san ni da tsare gida, ni kuma ina jin daɗin wannan shaida fiye da kima. Da mahaifiyarmu ta rasu a ƙauyenmu na kudancin Kaduna, sai na ɗauko autarmu tana 'yar shekara goma sha biyu. Yaya take kirana, amma a zahiri ni ce uwar.

Tun da yarinyar nan ta fara al'ada take fama da ciwon mara. Duk wata sai ta yi kwana uku a dunƙule kan tabarma, gwiwa a ƙirji, tana amai, zufa na keto mata. Ni kuwa ban taɓa yin ciwon da ya hana ni zuwa aiki ba, don haka na auna ta da kaina. Nakan ce mata kowace mace haka take ji, ta daina raki, in ta yi aure ta haihu zai wuce. Har tashinta nake ta ɗebo ruwa, wai kwanciyar ce ke ƙara shi. Takan dafa bango ta miƙe, ba ta taɓa yi mini musu ba.

Ta samu shiga jami'a a Samaru wajen shekarar dubu biyu da huɗu. A shekararta ta biyu ta zo hutu, wata Asabar da hantsi na ji faɗuwa a banɗaki. Na same ta a ƙasa, jini ya ɓata mata zane. Na kai ta wani ƙaramin asibiti a bayan PZ. Mutumin da ya duba ta bai yi mata hoton ciki ba, tambaya biyu ya yi, ya ja ni gefe ya ce irin wannan a jikin 'yar jami'a galibi ko cutar da ake ɗauka wajen maza ce, ko ciki aka taɓa. Galibi ya ce, amma ni tabbas na ji. Muna isa gida na kulle ɗaki na titsiye ta. Ta ɗauko Littafi Mai Tsarki ta rantse ba ta san namiji ba. Na mare ta. Na ce ta tozarta mahaifiyarmu a kabari. Bayan haka na gaya wa wata 'yar zumunta, wai don ta taya ni addu'a. Kafin mako biyu maganar ta zaga majami'a. Ƙanwata da ke cikin mawaƙa ta ga 'yan uwanta suna matsawa idan ta zauna a benci. Ta tattara kayanta ta koma Samaru tun hutu bai ƙare ba.

Fiye da shekara ba ta tako gidana ba, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin shaidar rashin gaskiya. Ban san tana can tana faɗuwa a ɗakin kwanan ɗalibai ba, ban san ciwon ya hana ta jarrabawa har ta maimaita aji ba. Wata safiya ina cikin aji, abokiyar ɗakinta, wata Musulma 'yar cikin birnin Zazzau, ta sauka daga acaɓa ta tsaya a bakin taga. Ta ce in zo, an kai ƙanwata asibiti a Shika, za a shiga da ita tiyata, kuma ƙanwar tawa ta hana a kira ni, ita abokiyar ce ta ga bai kamata a ɓoye mini ba.

Bayan aikin, likitar, wata mata mai sanyin murya, ta zaunar da ni ta zana mini abin a takarda. Ta ce sunan cutar endometiriyosis. Wani nama ne irin na shimfiɗar cikin mahaifa yake tsiro a inda bai kamata ba, a kan ma'ajiyar ƙwai da jikin hanji. Duk wata shi ma sai ya kumbura ya yi jini, jinin ba shi da mafita, sai ya taru, kayan ciki su manne da juna. Wani ƙulli da ya taru haka ne ya fashe, dole suka cire ma'ajiyar ƙwai ɗaya. Ko a lokacin ban saduda ba, na tambaya ko abin yana da alaƙa da maza ko zubar da ciki. Ta ce babu ko kaɗan. Sai ta tambaye ni shekara nawa yarinyar ta yi tana wannan ciwo. Na ƙirga a yatsuna, takwas. Ta ninke takardar ta miƙo mini.

Da ƙanwata ta farfaɗo na durƙusa a gefen gadonta na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe. Amma ta ce ba marin ne ya fi yi mata ciwo ba. Ranar da ta faɗi a banɗaki, da ta ga jinin nan, daɗi ta ji a ranta, don ta zaci yau dai Yaya za ta yarda ba ƙarya take ba.

Ta gama karatunta na kimiyyar halittu. A shekararta ta ƙarshe takan zauna a shagon intanet a Samaru tana karanta abin da ya shafi cutar. Ita ta gaya mini masu bincike sun fara nazarin wasu 'yan mitsi-mitsin sinadarai a cikin ƙwayoyin jiki, waɗanda ke kunna wasu ayyuka su kashe wasu, kuma ana fatan wata rana su taimaka a gane cutar ta gwajin jini ba sai an buɗe ciki ba. Ban fahimci rabin bayanin ba. Abin da na sani shi ne, ni ba na buƙatar gwaji, a gabana take kwance duk wata.

Na tashi a taron zumunta na faɗi gaskiya da bakina. Wasu sun yi kuka, wasu har yau suna gaida ƙanwata da wani irin kallo. Ta yi aure, mijinta mutumin kirki ne, ba su samu haihuwa ba tukuna. Duk lokacin da na ji wani ya tambaye ta labari, sai in tambayi kaina ko da na kai ta asibiti da wuri da abin bai kai haka ba.

Iyaye mata, yayye, malaman makaranta, ciwon al'adar da ke kayar da yarinya ƙasa, ya hana ta aji, ba raki ba ne. Ku kai ta wurin likitan mata, in ba a gano ba ku sake komawa. Kada ku auna jikinta da naku, kada zargi ya riga tambaya fita daga bakinku. Likita ta ɗinke cikin ƙanwata cikin 'yan sa'o'i. Abin da na yanka da harshena, har yau ina kan ɗinki.