Awon Faransa

Ranar wata Lahadi ce, ranar kasuwar Illela, a shekarar da aka ce motoci su koma bin hannun dama irin na mutanen Ƙonni. Hantsi bai gama ɗagawa ba injin niƙan Babanmu ya yi wata ƙara kamar an jefa dutse cikin tukunyar ƙarfe, ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Ƙoran mata na jere har bakin titi, wasu tun daga Garu aka ɗauko su a ka. Ina tsaye da tulu kusa da durom ɗin da ke sanyaya shi, domin cika shi da ruwa shi ne aikina tun ina shekara bakwai. A lokacin ina tara.

Tsohon inji ne, baƙi, mai ƙafa biyu manya, wanda Baba ya saya hannun wani da shi ma a hannu ya saya. Ko a wancan zamanin an daina kawo kayansa. In wani abu ya lalace sai dai a ƙera, ko a ji labarin wani mataccen irinsa a wani gari a je a kwance. Baba ya san shi kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Mu kuwa a gindinsa muka tashi: mu share garin da ya zube mu kai wa tumaki, mu gane ƙwaryar kowace mata da ɗinkinta, in ba aiki mu yi 'yar carafke da tsakuwa a inuwar rumfa.

Da aka buɗe shi aka tarar wani ɗan ƙarfe mai kama da yatsa, wanda ke riƙe fistin, wato ƙarfen da ke kai da komo a cikin injin, ya farfashe. Ba abin da za a kai a nuna. Baba ya zauna da aska da karan dawa, yana fiƙewa yana gwadawa a ramin, har karan ya shiga daram, ba sako-sako ba matsi. Ya ce in kai wa Kawu Isa tasha. Ƙanen Innarmu ne, yana fataucin albasa zuwa Ƙonni, kuma ya san wani mai injin gyaran ƙarfe a can.

“Riƙe shi da kyau, ɗiyata. Wanga kara shi na injin duka.”

Na riƙe shi da kyau har bakin rijiyar unguwa, inda na tarar ƙawayena su Hajo suna carafke an rasa ta huɗu. Na ajiye karan bisa dutse, wai hannu ɗaya zan yi. Da na waiwaya, akuya tana tauna ƙarshensa. Ban yi kuka ba. Na zare wani kara daga dangar mutane, na fiƙe shi da haƙori da bakin gwangwani, na dube shi, na ga kamar shi ne. Shi na miƙa wa Kawu.

Bayan kwana huɗu ƙarfen ya zo, yana ƙyalli cikin tsumma. Baba ya sa shi, ya ji yana ɗan motsi a ramin. Makanikin da ya zo taya shi ya ce ai awon Faransa ke nan, mutanen can ba su auna da inci, kullum nasu sai ya rage ko ya ɗara. Ya ce a yi maleji, zai zauna. Ina tsaye da tuluna ina ji. Kwana tara injin ya yi yana niƙa, ni kaɗai ba na son ƙararsa. Rana ta goma fistin ɗin ya fasa cikinsa ya leƙo waje.

Baba ya je Sakkwato, ya je Gusau, har Kano ya kai neman wani mataccen irinsa, ya dawo da jakarsa kawai. Aka rufe injin da zana, mata suka koma wani wuri, shi kuma ya koma gonarsa ta wajen Gidan Katta. Duk Juma'a sai ya ɗaga zanar ya shafa masa mai. Amma ba injin ne ya fi ci mini rai ba. Baba ya ce Kawu Isa ya san awon can daban yake, me ya hana shi tsayawa a gwada a gabansa, sai ya bi albasarsa. Kawu ya rantse cewa a gabansa aka gwada da karan. Baba ya ce to ƙarya zai yi masa kuma. Daga nan Kawu ya daina shigowa gidanmu. Inna kan aike ni da fura in kai masa tasha a ɓoye, ya shafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka.

Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Aka yi mini aure, na haihu, ina cewa gobe. Ranar da Kawu ya rasu ina gida na zo wankan jego. Baba ya dawo daga maƙabarta, na kai masa buta, ya daɗe bai karɓa ba.

“Na yahe mai, Rabi,” ya ce. “Ki shaida, na yahe ma Isa.”

Na ce to, Baba.

Yanzu kowace kwana akwai ɗan injin niƙa, in ya lalace a ɗauki hoton abin da waya, kafin la'asar an kawo sabo a kan babur. Ba mai fiƙe kara, ba mai aiken ɗiyarsa da amana a tafin hannu. Jikokina suna cewa na cika bin diddigi, in na aike su sai na tambaya sau uku ko sun tsaya a hanya. Ba duka nake son yi musu ba. So nake wanda ya tsaya ya ce ya tsaya, tun masu jin maganar suna da rai.